Inshorar Gini da ta Kaya: A Haɗa ko a Raba?

A zangon karatun da ya wuce, wata rana da asuba aka kawo wuta da ƙarfi a gidan hayar da muke zaune a bayan makaranta. Wayar silin ta kama, kafin makwabta su kawo ɗauki ɗakuna biyu sun ƙone. Alhamdulillahi ba a yi asarar rai ba. Amma maƙwabcina ya fito daga shi sai jallabiyar jikinsa. Katifa, kayan sawa, da kwamfutar da furojet ɗinsa na babbar difloma yake ciki, duk sun zama toka.

Da muka ji mai gidan yana da inshora, sai muka ce to, an samu sauƙi. Ashe ba mu gane ba. Kamfanin ya biya gyaran rufi da bango da wayoyin wuta, amma ko kwabo bai shiga hannun abokina ba. Ni da nake karanta harkar banki da kuɗi, wallahi na ji kunya, don ni ma na ɗauka inshorar gida ta rufe duk abin da ke cikin gida. Shi ya sa na zauna na bi abin daki-daki.

Inshorar gida kashi biyu ce. Akwai ta gini: bango, rufi, ƙofofi, tagogi, katanga, bututun ruwa da wayoyin da aka binne. Akwai kuma ta kaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce, ranar da za ka tashi daga gida, duk abin da za ka ɗora a mota ka tafi da shi kaya ne, abin da dole ka bari kuwa gini ne. Kamfanoni na sayar da kowacce ita kaɗai, suna kuma haɗa su a takarda guda.

To wacce ta fi? Ka fara da tambaya ɗaya: ginin na waye, kayan na waye? A ƙa'idar inshora, ba ka sa wa abu inshora sai in lalacewarsa za ta jawo maka asarar kuɗi. Kwamfutar abokina ba dukiyar mai gida ba ce, saboda haka takardarsa ba ta san da ita ba. Ke nan mu ’yan haya ba mu da wani dogon zaɓi. Gini na mai gida ne, tamu ita ce ta kaya.

Wanda ke zaune a gidan kansa, kamar iyayenmu, shi ne mai zaɓi na gaske, kuma galibi haɗawa ta fi masa. Sau da yawa kuɗinta bai kai na guda biyu a rarrabe ba, kuma ranar sabuntawa ɗaya ce. Amma babban amfaninta sai ranar da masifa ta faɗo. Gobara ko ambaliya ba ta zaɓe, gini da kaya take ci tare. In kamfani ɗaya ne, takardar neman diyya ɗaya, mai ƙiyasta ɓarna ɗaya. In biyu ne, kowanne zai cire kason farko na asarar da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka. Ga kuma jayayya a kan abubuwan da ke tsaka-tsaki. Faifan sola da ke kan rufi gini ne ko kaya? Inbata da batura fa? Wannan ya ce na wancan ne, wancan ya ce na wannan ne, kai kana tsakiya kana zarya.

Rabawa ma tana da ranarta. In da rancen banki aka gina gidan, banki yakan shardanta inshorar ginin, wani lokaci har ya nuna inda za a yi ta, sai mutum ya nemi ta kaya a inda ya fi masa. Haka in kana da kaya masu tsada da kake yawo da su. Inshorar kaya ta yau da kullum a cikin gida take aiki. In aka fizge jakar kwamfutarka a tasha, ba ruwanta, sai in ka sayi ƙarin kariyar da ke bin kayan duk inda suke. Ko a gidan ma, da yawa ba sa biyan sata sai an fasa ƙofa ko taga. Ka bar ɗaki a buɗe ka tafi lakca, kai ka jiyo.

Ko ka haɗa ko ka raba, akwai tarkon da ke kama mutane: rage ƙima don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce kayanka sun kai naira 1,000,000, ka rubuta 500,000. Wuta ta ci na 400,000. Tunda rabin ƙima ka sa, rabin asara za a ba ka, wato 200,000. Da yadda farashi ke hawa, lissafin bara ba zai yi maka bana ba. Shi kuwa gini, kuɗin sake gina shi ake rubutawa, ba farashin sayar da shi ba, ai fili ba ya ƙonewa.

Na san wasu za su ce suna da damuwa ta addini game da inshora. Akwai takaful, tsarin da mahalarta ke zuba gudunmawa a asusu guda don tallafa wa wanda ya yi asara a cikinsu, ba tare da riba ba. Hukumar NAICOM, mai kula da inshora a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Kowanne ka zaɓa, ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar, ka kuma karanta jerin abubuwan da ba a biya kafin ka sa hannu.

Ko ba ka da kuɗin inshora yanzu, ka ɗauki hoton kayanka da rasit ɗinsu ka tura wa kanka ta imel, don su ne shaidarka. Furojet kuwa ka ajiye kwafi a intanet yau ɗin nan. Inshora za ta iya saya maka sabuwar kwamfuta, amma ba ta mayar da babi na huɗu. Abokina sai da ya sake rubuta nasa daga farko.