Jini a Bakin Hanji: Rayuwa da Jaka a Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi akwai gidajen da ake shanya tsummokara a bayan ɗaki, nesa da idon baƙo, saboda wani a gidan ya dawo daga tiyata da bakin hanji a gefen cikinsa. Likitoci na kiran wannan mafita sitoma, mutanen gari kuwa sai su ce "an fito masa da hanji". Dalilan da ke kai mutum ga haka sanannu ne a Arewa: taifot da ta ɓula hanjin yaro, harbin bindiga a ciki, murɗewar hanji, sankara, ko jaririn da aka haifa babu dubura. Irin wannan aiki akan yi shi ne a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Aikin likita na ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, amma jinyar watanni tana komawa hannun uwa ko mata a ƙauye, kuma babu abin da ya fi tayar musu da hankali kamar ganin jini. Hujjata ita ce, abin da ke cutar da waɗannan bayin Allah rashin sani ne da rashin jakar da ake mannawa a bakin hanjin don tara bayan gida, fiye da jinin kansa.

Bakin hanjin nan ja ne, mai danshi, cike da ƙananan jijiyoyin jini, kuma ba ya jin zafi. Kamar dasashi yake idan asuwaki ya taɓa shi: ɗan gogawa kaɗan sai ya yi jini. Saboda haka ɗigon jini a kan auduga lokacin wanki ba abin firgita ba ne. A jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan sanyi, a danna a hankali na 'yan mintuna, zai tsaya. Abin dubawa shi ne me ke gogar wurin. Sau da yawa ramin jakar ne aka yanka ya yi matsi, ko mazagin wando, ko ɗaurin zani da ya hau daidai kan wurin. Inda babu kuɗin jaka, sai a koma ga leda da tsumma da filasta, ruwan hanji ya zauna a kan fata ya cinye ta, fatar ta saɓule ta riƙa tsattsafar jini. Ga kuma magungunan ciwon jiki na kemis irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke ƙara saurin zubar jini. Toka, garin magani ko man zafi da wasu ke barbaɗawa ƙara ƙona wurin suke yi.

Wani zai ce koya wa mutanen ƙauye cewa wani jinin ba komai ba ne ganganci ne, gara duk wanda ya ga jini ya garzaya asibiti. Maganar tana da ma'ana, sai dai ba ta duba aljihu da hanya ba. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 60 ce ta Kurfi, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga da ta hana tafiyar dare. Iyalin da suka sayar da akuya sau biyu don zuwa asibiti aka ce musu ba komai, a karo na uku ba za su tashi ba, wataƙila kuma ranar ce ta haɗari. Kariyar gaskiya ita ce su san alamomin da ba a jira: jini na fitowa daga cikin hanjin yana taruwa a jaka, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, jinin ya ƙi tsayawa bayan an danna na minti 15, bakin hanjin ya yi duhu ko baƙi, ko majinyaci na jiri yana haɗa gumi. Mai ciwon hanta shi kam ko kaɗan bai kamata ya yi jinkiri ba, domin jijiyoyin wurin kan kumbura su fashe.

Wani kuma zai ce masu wannan lalura ba su da yawan da za a ware musu ma'aikaci. Ai kunya ce ta ɓoye su. Wasu har masallaci da kasuwa sun daina zuwa, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da sauƙaƙa wa mai uzuri hukuncin alwala da salla. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: ma'aikaciyar jinya ɗaya ko biyu a asibitin Dutsin-Ma da na Kurfi da aka horar kan auna bakin hanji da yanka jaka daidai, jakunkuna masu rahusa a ɗakin magani, da bayani da Hausa kafin a sallami majinyaci. Sau da yawa bakin hanjin na wucin gadi ne, ana mayar da hanjin ciki bayan 'yan watanni idan jiki ya murmure. Ya rage wa gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomin biyu da masu hannu da shuni su kawo jaka da ilimi kusa da gida, domin majinyatan su kai ranar tiyata ta biyu da ƙarfinsu.