Ƙwaron Taba: Ɓarawon Cikin Buhu

Duk mai ajiye busasshen ganyen taba, barkono, citta ko zoɓorodo a ƙasar Gumel ya kamata ya san wannan ƙwaro. Ɗan mitsitsi ne, ja-ja, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Tsohon abokin gabar ɗan Adam ne, domin har a kabarin Fir'auna Tutankhamun na Masar an samu gawarsa.

Yadda yake ɓarna

Macen tana saka ƙwai har kusan 100 a jikin kaya. Tsutsar da ke fitowa ita ce mai cin ganye, tana barin gari a gindin buhu. Dafin taba ba ya kashe ta, saboda wasu ƙwayoyin halitta da ke cikinta suna karya shi. Cikin mako shida zuwa takwas ta zama ƙwaro, ya huda ya fita. Don haka 'yar hudar nan mai kamar ta allura alama ce ta aikin gama ya gama.

Zafi da laima yake so. Sanyin hunturu kan rage masa kuzari, amma da damina ta kama sai ya yi ta hayayyafa. Masu tara naɗaɗɗiyar tabar Kuba a Turai da Amurka ma suna fama da shi, domin akwatin da suke ajiye ta na riƙe laima kusan kashi 70 cikin ɗari.

Yadda ake maganinsa

Da farko a ware abin da ya huje, a share ɗakin ajiya, a ƙone sharar. Kaya kaɗan a ɗaure su a leda, a sa a firiza mako guda. Sanyin yana kashe har ƙwan. Inda babu wuta, ranar bazara ta wadatar: a shimfiɗa kayan a kan baƙar leda, a rufe da farar leda, zafin ciki ya haura digiri 50. Bayan sun huce a zuba a buhu mai leda biyu ko duro mai murfi, a toshe iska.

Kada a sa ƙwayar gas ta kashe ƙwari a ɗakin da ake kwana, gubarta tana kashe mutum.

Wanda ya sayo kaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya zazzage buhun ya duba gindinsa kafin ya haɗa da na gida. Buhu ɗaya mai tsutsa ya isa ya lalata ajiyar shekara.