Hanyar VPN Da Dokar Gwamnati: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

KEFFI: Ɗan kasuwar da yake da kanti a Keffi, da ma'aji a Mararaba, da akanta a Abuja, tilas lissafinsa ya riƙa kai da kawowa ta intanet, hanyar da kowa yake bi, nagari da mugu. Saboda haka ne kamfanoni suke amfani da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa wadda ke kulle bayanai tun daga kwamfutar mai aikawa, ba a buɗe su sai sun isa inda aka nufa. Ko da ɓarawo ya tare su a tsakani, ba zai iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Bankuna da manyan kamfanoni sun daɗe suna haɗa rassansu da hedkwata ta irin wannan hanya.

Sai dai VPN tana kuma ɓoye wurin da mutum yake, ta ba shi damar shiga shafin da hukuma ta toshe. A nan ne gwamnatoci suke sa ido. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yuni na 2021, jama'a da yawa sun koma shiga ta VPN, har Ministan Shari'a na wancan lokaci, Abubakar Malami, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dakatarwar. An janye takunkumin a watan Janairu na 2022, kuma a watan Yuli na wannan shekara Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A 2017 ƙasar Sin ta haramta VPN marar lasisi, ta sa kamfanoni su yi hayar layi daga hannun waɗanda gwamnati ta amince da su. A 2022 Indiya ta umarci masu sayar da VPN su adana bayanan abokan cinikinsu har shekara 5, amma ta ware VPN ɗin da kamfanoni ke kafawa domin ma'aikatansu. Duk da haka, ExpressVPN da NordVPN sun kwashe na'urorinsu daga ƙasar. Darasin shi ne, dokar da ta yi kuɗin goro tsakanin mai kare kasuwancinsa da mai guje wa hukuma, ɗan kasuwa ne zai biya farashinta.

A Nijeriya babu dokar da ta hana amfani da VPN. Hasali ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Idan aka yi kutsen da ke iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'a 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Asibiti mai zaman kansa, da makarantar kuɗi, da bankin ƙananan rance a Keffi, duk dokar ta shafe su.

Amma VPN kaɗai ba ta wadatar ba. A 2021 masu kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da kalmar sirrinsa ta fita, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya rufe asusun duk ma'aikacin da ya bar aiki, ya ƙara lambar tabbaci ta waya a kan kalmar sirri, ya riƙa sabunta manhajarsa. Ya kuma guji VPN ta kyauta, domin da yawa daga cikin masu ba da ita da bayanan jama'a suke ciniki.