Su Wane Ne Masu Rauni?

Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata kalma da ta cika rediyo, wato "masu rauni". Tun kullen korona na 2020 har zuwa cire tallafin man fetur a 2023, duk rabon da za a yi sai ka ji an ce na masu rauni ne.

Ni manomi ne, ina taɓa 'yar tireda da rani. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Hausa a nono na sha ta. Rauni iri biyu ne. Akwai wanda ake ji a jiki, kamar fartanya ta sare ka, jam'insa raunuka. Akwai kuma kishiyar ƙarfi. Yadda ake cewa ƙaƙƙarfa da ƙarfafa, haka ake cewa rarrauna da raunana. Shi ne na raunin gani da raunin imani, har malamai kan ce hadisi mai rauni. In an ce wance tana da raunin zuciya, abu kaɗan ke sa ta hawaye ke nan, ba zagi ba ne.

To, a ƙauye mutane da yawa sun ɗauki kalmar tamkar ragwanci ko bara. Magidancin da ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa a fadamar Haɗeja, wallahi gara ya kwana da yunwa da ya tsaya gaban jama'a ya ce shi mai rauni ne. Matar da ke takaba da marayu biyar a gabanta, wa zai gan ta a layi? Sai ƙarti majiya ƙarfi su cika takarda da sunayensu, su kwashe buhunan.

Alhali rauni hali ne da ke iya sauka a kan kowa. Damina ɗaya ta ƙi, mai rumbu uku sai ya koma awon kwano.

Don haka ina kira ga masu rubuta sunaye da su daina tara mutane a fili. Su bi gida-gida tare da mai unguwa da liman, su sa mata su shiga wurin mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowa ke nuna wa baƙo ba.

Allah ya sa su ji, amin.

Naku,
Manomi ɗan tireda,
Haɗeja, Jihar Jigawa.