Jiki Na Kuka, Baki Shiru: Fahimtar Matashi Mai Otizim

Uwargida, sau da yawa matashi mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, yakan zauna shiru a gidan biki, can sai ya toshe kunnuwa, ya ƙwalla ihu ko ya fice a guje. Nan take sai a ce rashin tarbiyya ne, wasu ma su ce iska ce. Alhali jikinsa ya daɗe cikin tashin hankali, shi kansa bai ankara ba.

Duk ɗan Adam idan ya ji barazana, wasu 'yan tsokoki da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ga mai otizim kuwa, ƙarar lasifika, haske mai ƙarfi, cunkoson baƙi ko sauya masa tsarin yini ba zato sun isa su tayar da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne gane saƙon jikin. A 1973 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Peter Sifneos, ya raɗa sunan alekzitimiya ga wahalar gane abin da ke cikin rai da kuma furta shi. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan rabin masu otizim na fama da ita. A 2016 kuma, Sarah Garfinkel ta Jami'ar Sussex a Ingila ta sa manya masu otizim su ƙirga bugun zuciyarsu ba tare da taɓa jijiya ba, sai aka ga sun fi sauran mutane kuskure.

Don haka idan kin tambaye shi "me ke damunka?" ya ce "ba komai", ba lallai ƙarya yake yi ba. Ki kula da jikinsa: kai-kawo, kaɗa hannu, gumi, ƙin abinci. Ki tambaye shi dalla-dalla: "Ƙirjinka na bugawa? Cikinka ya ɗaure?" Sannan ki ce masa, "Wannan shi ne tsoro." Ki tanadar masa ɗaki mai shiru, ki sanar da shi baƙi ko tafiya tun da wuri. Lokacin da abin ya motsa, banda faɗa, banda duka. Idan damuwar ta hana shi barci ko karatu, ku ga likitan ƙwaƙwalwa.

Allah ya ba mu haƙurin riƙon wannan amana.