Hashiyar Malamai Ta Shiga Na'ura

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san matani yana tsakiyar takarda, hashiya kuwa tana gefe. Idan almajiri ya ɗauki Ahalari ko Iziyya ko Risala a gaban malami, kalmar da ta yi masa tsauri sai ya rubuta ma'anarta da ajami a ƙarƙashin layi. Haka aka yi a Kano da Salaga da Kumasi, haka kuma aka yi a zamanin Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda ya rasu a 1934.

To, da yawa daga cikinmu mun iso Greensboro da irin waɗannan littattafai a gafaka. Takarda tana tsufa, tawada tana koɗewa, 'ya'yanmu kuwa da aka haifa a nan Amurka boko suke karantawa. In ba mu tashi tsaye ba, littafin zai rage a hannunsu, ma'anarsa ta bi masu ita kushewa.

Ga dabarar da zamani ya kawo. Ana ɗaukar hoton kowane shafi da waya, a haɗa su cikin takardar na'ura da ake kira PDF. Sa'an nan a buɗe ta da manhajar Adobe Acrobat Reader, wadda ake samu kyauta, a kewaye kalma, a liƙa mata bayani a gefe da boko. Littafin asali kuwa ko ɗigon tawada bai taɓa shi ba. Idan rubutun na ɗab'i ne, akwai wata manhaja mai suna Hypothesis, wadda aka kafa aikinta a 2011. Da ita malami da almajiransa za su yi hashiya a kan shafi guda, wani yana Greensboro, wani yana Akara, kowa yana ganin na ɗan'uwansa.

Jami'o'i sun riga mu farawa. Jami'ar Boston, a ƙarƙashin Shehun Malami Fallou Ngom, ta ɗauki hotunan littattafan ajami na Hausa da Wolof da wasunsu ta sa a intanet. Har wa yau, a 2019 babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya fitar da hoton tarihin da Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, ya rubuta da Larabci a 1831, yana cikin bauta a wannan jiha tamu ta Karolina ta Arewa.

Amma fa akwai sharuɗɗa uku da muke roƙon a kiyaye. Na farko, kada a cuɗa matani da sharhi. Kowanne ya tsaya a muhallinsa. Na biyu, mai yin hashiya ya sa sunansa da na malamin da ya karantar da shi, domin a na'ura ba a gane hannun mutum kamar yadda muke ganewa a takarda. Na uku, a ajiye kwafi a gida, a aika wani ga dangi, gama kamfani kamar rumfar kasuwa yake, wata rana ana iya tarar da shi a rufe.

Dattawa, ku fito da gafakarku tun da sauran gani. Ku zaunar da yaro mai waya kusa da ku, kuna faɗa, yana rubutawa. Da haka shi ma zai yi karatun da bai samu ba. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya sa mu dace, amin.