Hawan Dutsen Sukur

Mutumin Sabon Layi a Mubi ba sai an nuna masa duwatsun Mandara ba, ga su can gabas sun tokare iyakar Kamaru. Amma mutum nawa ne suka taɓa bin hanyar Michika da Gulak har ƙasar Madagali don hawa Sukur? Shi ne wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya, a 1999.

Da ƙafa ake hawa, a kan hanyar da kakannin mutanen Sukur suka shimfiɗa da manyan duwatsu. Tudun ya haura mita 1,000 daga saman teku, kuma da yake zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita dubu, gumin da aka haɗa a ƙasa iskar sama ce ke busar da shi.

Baƙi sukan zarce fadar Hidi, sarkin Sukur, su ɗauki hoto. Ni kuwa a ganina gonakin ne suka fi cancantar a tsaya musu. An yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa an tare shi da jeren duwatsu ba tare da siminti ba. Ruwan damina in ya samu gangare tsirara, gudu yake yi ya kwashe ƙasar sama mai albarka. Jeren duwatsun nan yana karya masa gudu, ruwan ya nitse, ƙasa ta zauna, rarar ta tsiyaye ta tsakanin duwatsu. Taki kuma daga bijimin da ake turkewa a ramin dutse cikin gida yake fitowa. Haka dawa da wake ke yi a inda baƙo zai rantse ko ciyawa ba za ta tsiro ba.

Sukur ta yi suna da narkar da tama, ta sha hare-haren Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20, Boko Haram kuma ta ƙona gidaje a can a 2014. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne hannun gyara, domin jeren duwatsun gona da ya zube bana, in ba a tayar ba, baɗi zaizaya ce. Ya kamata Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta riƙa kai ɗaliban aikin gona can. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar halin tsaron hanya, ya fita da sassafe da gorar ruwa, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora.